Me Ya Sa Sabuwar Bindigar Farauta Ke Cijewa?

Idan hunturu ya kama, agwagin ruwa suka cika gaɓar kogin Shari da Tafkin Chadi, mafarauta kan bar Injamena su nufi wajen Dugiya. A lokacin ne ake yawan jin ƙorafi ɗaya daga masu sabuwar bindiga mai ɗura wa kanta harsashi: ko kwanso ya maƙale a bakin ƙofa, ko harsashi na biyu ya ƙi hawa. Sai mutum ya koma gida unguwar Ridina yana rantsuwa jabu aka sayar masa. Sau da yawa bindigar ƙalau take.

Wannan samfuri, wanda John Browning ya fara ƙerawa, kamfanin FN na Beljiyam ya fitar da shi kasuwa a farkon shekarun 1900, da ƙarfin harbin farko yake shirya na biyu. Wasu, kamar Remington 1100 ta 1963, hayaƙin albarushi suke ja ta ƙananan huji a jikin bututu. Wasu, kamar Benelli ta Italiya, da naushin da bindiga ke yi wa kafaɗa suke aiki. Duk abin da ya rage wannan ƙarfi zai sa ta cije.

Na farko shi ne harsashi. Sabon sifirin yana da tauri, harsashi mai giram 24 ko 28 ba lallai ya iya tura shi har ƙarshe ba. Shi ya sa masu ƙera da yawa ke cewa a fara da mai nauyi, giram 32 ko fiye, har ƙarafan su saba da juna. A duba tsayi ma: kada a saka mai milimita 76 a bindigar da aka rubuta wa 70, haɗari ne babba. Wanda ya sha damshi ko ya kumbura kuwa a raba shi da bindiga.

Na biyu, giris ɗin da kamfani ya shafa don hana tsatsa a hanya. Ba man aiki ba ne. Idan ya haɗu da ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele, sai ya zama taɓo mai danƙo. Kafin harbin farko a kwance bindigar, a goge tas, a ɗiga mai kaɗan. A ƙasa irin tamu, yawan mai ya fi ƙarancinsa ɓarna.

Na uku, riƙo. Mai aiki da naushi tana son a danna gindinta a kafaɗa sosai. Riƙon sakaka-sakaka kan sa ta kasa tofar da kwanso.

Idan ta cije, a cire yatsa daga kunama, a juya bakinta inda babu kowa. In an ja ba ta tashi ba, a dakata kamar rabin minti kafin a buɗe. Kada a leƙa cikin bututu, kada kuma a bar wani ya ci ƙarfenta da magagari ko ya faɗaɗa hujin hayaƙi. In an gyara abubuwan nan uku ba ta daina ba, a mayar wa dillali, domin watakila ƙugiyar da ke fizgo kwanso ce ta zo da aibu.

A tuna kuma, riƙe bindiga a Chadi sai da izinin hukuma, farauta kuma tana ƙarƙashin doka mai lamba 14 ta 2008 kan dazuzzuka da namun daji.