Talala Mai Kamar Sake

Duk mai sauraron labaran duniya da Hausa ya saba jin an ce an yi wa wani shugaba ko ɗan hamayya ɗaurin talala. To, amma mu da muke zaune a Yawunde ko Duwala, inda yaro ya fi sanin babur da akuya, mu nawa ne za mu iya faɗin abin da talalar take nufi? A aji nakan tambayi ɗalibai, sai mafi yawansu su ce wai wani irin kurkuku ne. Alhali kuwa sunan igiya ce.

Talala doguwar igiya ce da ake ɗaure dabba da ita domin ta yi kiwo ba tare da ta yi nisa ba. Gefe guda a wuyan akuya ko ƙafarta, ɗaya gefen a jikin bishiya ko wani icen da aka kafa. Asalinta a gona za a neme shi. Da damina ta faɗi, shuka ta tsiro, ba a barin bisashe su yi yawo, domin akuya ɗaya tana iya haɗa maƙwabta biyu faɗa har gaban sarki. Wanda ba shi da yaron kiwo, ba shi kuma da halin yanko ciyawa kullum, sai ya tufka igiya da rama ko kaba ko ɓawon kuka, ya kai dabbarsa bakin gona ya yi mata talala.

Bari in yi ɗan lissafi irin na malaman makaranta. Igiya mai tsawon mita 5 tana ba akuya fili kimanin murabba'in mita 78. In aka ninka ta zuwa mita 10, filin zai kai wajen 314, watau ninki huɗu. Duk da haka iyakar tana nan. Akuya za ta ci, ta kwanta, ta yi tsalle, har ta manta a ɗaure take, sai ta hango ɗanyen ganye ta zabura, igiya ta fizgo ta. Shi ya sa Hausawa suke mata kirari da talala mai kamar sake.

Bahaushe bai tsaya ga kalmar ɗauri kawai ba, kowane iri da sunansa. Turke shi ne guntun icen da ake kafawa a gida a ɗaure dabba da gajeriyar igiya, a kawo mata dusa da harawa har inda take, kamar yadda ake yi wa ragon layya. Dabaibayi shi ne a haɗe ƙafafun gaba na jaki ko raƙumi, ba a jingina shi da komai ba, amma ba shi da damar gudu. Tarnaƙi kuwa ƙafar gaba ake haɗawa da ta baya. Daga nan muka sami maganganu irin su "alƙali ya turke shi da tambaya", da "bashi ya dabaibaye shi", da "rashin kuɗi ya yi wa aikin tarnaƙi". Mai karatu zai lura kowace kalma tana auna yawan 'yancin da aka rage wa wanda aka ɗaure.

Wasu kayan ɗaurin baƙi ne a harshenmu. Linzami daga Larabci muka samo shi, inda ake cewa lijam. Akala ta zo mana tare da raƙumi da ayarin Azbinawa. Su Larabawa suna kiran igiyar da ake ɗaure ƙafar raƙumi iƙal, kuma tushenta ɗaya da aƙal, kalmar da ta zama hankali a bakinmu. Ashe hankali ma ɗauri ne, shi ke riƙe mutum kada ya faɗa gonar da ba tasa ba.

Yanzu sai batun fassara, wanda mu nan Kamaru yake damunmu sau biyu, tun da Faransanci da Ingilishi ne harsunan hukuma. Igiyar kanta ba ta da wuya: Ingilishi na cewa tether, Faransanci na cewa longe, dabaibayi kuwa hobble ne ko entrave. Inda aikin yake shi ne in an ɗaure mutum. Ingilishi ya ce house arrest, ya ambaci gida. Faransanci ya ce résidence surveillée, ya ambaci sa ido. Larabci ya ce iƙama jabariyya, watau zaman dole. Hausa kuwa igiyar ta nuna mana, ta bar mu mu tambaya wa yake riƙe da ɗaya gefen.

Tarihi ya nuna fassarar Hausa ta fi faɗi. A 1931 Faransawa suka ɗauke Sarkin Bamun, Ibrahim Njoya, daga Fumban suka ajiye shi a Yawunde, a nan ya rasu a 1933. Ba a gidansa yake ba, balle a ce an tsare shi a gida, amma kowa ya san akwai igiya a ƙafarsa. Haka kuma bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1983 a Nijeriya, sojoji sun ajiye Shugaba Shehu Shagari a wani gida a Legas, mataimakinsa Alex Ekwueme kuwa aka kai shi kurkukun Kirikiri. Ɗaya talala, ɗaya turke. Akwai kuma sakin talala, wanda masu fassara suke amfani da shi idan kotu ta saki mutum bisa sharaɗi, irin abin da Faransanci ke kira liberté provisoire.

Kada kuma mu ɗauka sarakuna da shugabanni kaɗai ake yi wa wannan ɗauri. Mu ne muke cewa igiyar aure. Mutumin da ya tafi ci-rani Gabon ko Kwango, ya shekara biyar ba aike ba saƙo, bai saki ba bai riƙe ba, me ya yi wa 'yar mutane in ba talala ba? Ko makiyayi ya san ba a barin dabba a talala a tafi. Dole a zo a sauya mata wuri, a ba ta ruwa, a duba kada igiya ta sarƙe ta shaƙe ta.

Saboda haka ina kira ga iyaye, in lokacin layya ya zo aka kawo rago gida, a nuna wa yara turke a faɗa masu sunansa. In an je ƙauye da hutu, a nuna masu talala da dabaibayi. Yaron da ya ga akuya ta kai ƙarshen igiyarta ba zai sake buƙatar kowa ya fassara masa labarin rediyo ba. Allah ya kwance mana abin da ya dabaibaye mu, amin.