Amana kafin shawara: Yadda ake gane mai sauraron damuwa na ƙwarai

A watan Janairun 2023 ne tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar 1958 da aka gada daga Turawan mulkin mallaka. Sabuwar dokar ta tabbatar wa mai larurar ƙwaƙwalwa haƙƙin a rufa masa asiri, da kuma haƙƙin a ji ta bakinsa kan yadda za a yi jinyarsa.

Sai dai cikar waɗannan haƙƙoƙi ta rataya ne kan abin da ke faruwa idan mai damuwa ya zauna gaban wanda zai saurare shi. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, a ƙasar da al'ummarta ta haura miliyan 200. Don haka a Borno, Yobe, Zamfara da Katsina, inda ta'addanci da garkuwa da mutane suka bar tabo a zukata, aikin sauraron masu damuwa ya fi faɗawa kan ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da 'yan sa-kai. Ga kuma waɗanda suka naɗa wa kansu rawanin ƙwarewa a Facebook da TikTok. Ta yaya za a bambance na ƙwarai da na jabu?

Ba nasiha ba ce

Bahaushe ya saba da nasiha: babba ya yi magana, ƙarami ya sunkuyar da kai, a rufe da "sai haƙuri". Nasiha tana da muhallinta, amma zaman shawara na ƙwararru daban yake. A nan mai damuwa ne ya fi yin magana, ƙwararren kuwa aikinsa ya saurara, ya yi tambaya, ya taimaka masa ya warware zaren matsalarsa da kansa.

A 1957, masanin halayyar ɗan'adam na Amurka Carl Rogers ya bayyana halayen da mai wannan aiki ba zai yi nasara ba sai da su: ya fahimci halin da mutum ke ciki kamar shi abin ya sama, ya karɓe shi ba tare da yanke masa hukunci ba, sannan ya kasance mai gaskiya, ba fuska biyu. A 1979, wani masanin, Edward Bordin, ya ce dangantakar tana tsaye ne kan duwatsun murhu uku: yarjejeniya kan inda aka dosa, yarjejeniya kan matakan da za a bi, da kuma shaƙuwar da ke sa mutum ya saki jiki. Binciken da aka yi ta maimaitawa tun daga lokacin ya nuna cewa ƙarfin wannan dangantaka na daga cikin abubuwan da suka fi nuna ko mutum zai samu sauƙi, ko da wace hanyar jinya aka bi.

Darasi daga Zimbabuwe

A Harare, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, ya zaunar da su kan benci a harabar ƙananan asibitoci domin su saurari masu fama da abin da ake kira "kufungisisa" a harshen Shona, wato yawan tunani. An koya musu sauraro da hanyar taimaka wa mutum ya zaɓi matsala guda ya tunkare ta, a cikin zama shida.

Sakamakon gwajin da mujallar likitanci ta JAMA ta wallafa a 2016, wanda ya ƙunshi mutum 573, ya nuna cewa bayan wata shida kusan kashi 14 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka zauna kan bencin ke da alamun ciwon damuwa, alhali a ɗaya rukunin adadin ya kai kusan rabi. Wannan ba ya nufin kowa zai iya aikin da ka. Matan sun samu horo, suna bin tsari, akwai masu duba aikinsu, kuma sun san lokacin da za su miƙa mutum ga likita.

A Borno ma, Gidauniyar Neem ta Dakta Fatima Akilu ta ɗauki irin wannan tunani na kusantar jama'a, inda masu ba da shawara ke bin mutane har unguwanninsu maimakon jiran su a asibiti.

Ƙa'idojin aiki

Ta farko ita ce sirri. Hausawa na cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Rahoton da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar International Alert suka fitar a 2016 ya nuna yadda wasu ke kiran matan da suka kuɓuta daga hannun Boko Haram "annoba". Ga irin wannan mata, kalma ɗaya da ta fita daga zaman na iya raba ta da aure ko da matsuguni. Shi ya sa wurin zama da zaɓin tafinta suke da muhimmanci: matar da ke jin Kanuri kaɗai ba za ta buɗe cikinta ba idan mai fassarar maƙwabcinta ne. Sirrin yana da iyaka, wato idan rai na cikin haɗari ko ana cutar da yaro, kuma dole a faɗi wannan iyaka tun a zaman farko.

Ta biyu ita ce yarda. Ba a tilasta wa mutum ya ba da labarin abin da ya same shi, domin tono ciwo kafin lokacinsa na iya dawo da firgicin sabo. Jagorar agajin farko ga masu firgici da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ta yi gargaɗi ƙarara kan matsa wa mutum ya yi magana.

Ta uku ita ce tsare iyaka. Mai ba da shawara ba ya neman soyayya ko wata alfarma daga wanda ya zo wurinsa, ba ya ɗaukar hotonsa don burge masu ba da tallafi, ba ya mayar da labarinsa abin tara mabiya a intanet.

Ta huɗu ita ce mutunta imanin mutum. Idan addu'a ce ke ƙarfafa shi, a bar masa ita, amma kada a ce masa raunin imani ne ya jawo masa damuwa. Ta ƙarshe kuwa, mai aikin ya san inda iliminsa ya tsaya. Wanda ke jin muryoyi, ko yake tunanin halaka kansa, ko ƙwaya ta kama shi, yana buƙatar likita, kamar a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri da Kaduna.

Inda gizo ke saƙa

A watan Satumban 2019, 'yan sanda sun ceto mutum fiye da 300 daga wata cibiyar gyaran tarbiyya a Rigasa da ke Kaduna, wasunsu ɗaure da mari. Iyalai da dama sun kai 'ya'yansu can ne da niyyar neman gyara. Abin da ke faruwa ke nan idan buƙata ta yi yawa, sa ido kuma ya yi ƙaranci.

A 2022 an sanya hannu kan dokar kafa majalisar da za ta kula da sana'ar ba da shawara, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa kuma ta tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da asusun kula da wannan fanni. Ya rage ga matasa su tambayi wakilansu: nawa aka ware a kasafin kuɗi, nawa aka saki, kuma ina wanda aka tona wa asiri zai kai ƙara?

Kafin a samu waɗannan amsoshi, duk mai neman taimako yana da damar ya yi tambaya uku tun a zaman farko: wane horo mai shawarar ya samu, wa ke duba aikinsa, kuma wa zai ji abin da aka tattauna. Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi bai cancanci a ba shi amana ba.