KAFIN KA CE A ƊAGA MAKA MOTA

Duk shekara idan Salla ta matso, garejojin Agege da Idi-Araba da Sabon Badun su kan cika da motocin 'yan'uwanmu masu shirin tafiya gida. Wannan a sake masa baƙin mai, wancan a duba masa birki. Amma akwai magana guda wadda ba ka rasa ji a bakin mai mota: "Oga, motan nan tana taɓa ƙasa, ka ɗaga mini ita." Makanike kuwa ba ya musu, sai ya aika yaro kasuwar Ladipo a zo da sifirin na wata mota dabam, kafin la'asar mota ta miƙe tsaye.

Aikin yana da amfani, ba mu ce kada a yi ba. Sai dai yana da iyaka, wanda ya ƙetare ta kuwa da kuɗinsa zai biya, wani lokaci ma da ran iyalinsa.

Bara waccan wani maƙwabcina mai sana'ar goro ya sayi ƙaramar mota 'yar Kwatano. Ya ɗebi iyali, ya cika but da gari da manja da tsarabar 'yan'uwa, ya kama hanya. Bayan sun wuce Makwa, a wani wuri da kwalta ta farfashe, sai dutse ya bugi kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji. Mai ya tsiyaye bai sani ba, inji ya buga. A bakin hanya suka yi Salla. Da ya komo Ikko ya rantse ba za a sake ba, ya sa aka ɗaura masa sifirin na wata babbar jif gaba da baya. Mota ta tashi sai ka ce raƙumi. Cikin wata huɗu ya sake shaf sau biyu, tayun gaba suka cinye ta gefe guda, ran nan kuma a wata kwana kusa da Shagamu ta yi masa tangaɗi, saura kaɗan ta kife. An gudu ba a tsira ba ke nan.

ME YA SA MOTOCIN SUKA YI ƘASA?

Dattawan direbobi sun san zamanin da ba a wannan kuka. A shekarar 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, a shekarar nan kuma Peugeot 504 ta ci gasar Safari ta ƙasar Kenya, inda a ke tseren mota cikin daji da laka. Ƙafafunta suna da doguwar tafiya sama da ƙasa, ta faɗa rami ta fito cikinta bai taɓa kome ba. Wagon ɗinta, wadda ta sha zirga-zirga tsakanin Ikko da Kano, sifirin huɗu ne a bayanta, biyu a kowane gefe, domin kaya.

Daga 1986, da darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari talaka, aka koma ga na hannu daga Turai da Amurka, waɗanda Yarbawa ke kira tokumbo. Su kuwa don hanyoyin can aka ƙera su. Ratar da ke tsakanin cikin irin waɗannan ƙananan motoci da ƙasa ba ta cika wuce santimita 13 zuwa 16 ba, alhali ta jif da a-kori-kura ta kan kai 20 ko fiye. Da gangan aka yi su haka, don mota mai ƙasa ta fi kama hanya a guje, ta kuma fi ƙarancin shan mai. Ga shi kuma kafin ta iso hannunka ta yi shekara goma ko goma sha biyar tana aiki, sifirin ya gaji, ta ƙara zama.

Saboda haka tambayar fari ita ce, motarka gajeriya ce tun asali ko kuwa zama ta yi? Ajiye ta a wuri mai daidai ba kaya, ka auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin bodin da ke bisanta. Ka gwada da wata irinta mai lafiya. In ka ga taka ta gaza, ko gefe guda ya fi ɗaya, to ba ɗagawa ta ke so ba, sabon sifirin nata na asali ta ke bukata. Mutane da yawa da wannan kaɗai su ke rabuwa da matsalar.

SIFIRIN DA SHAKAZOBA

Akwai kuskuren da a ke yawan yi, watau a ce shakazoba ce ke ɗaga mota. Sifirin shi ke ɗauke da nauyi, shi ke tsai da mota a inda ta ke. Aikin shakazoba shi ne ta hana ta yin ta rawa bayan ta faɗa rami. Wanda ya sayi sabuwar shakazoba ya bar gajiyayyen sifirin ya ɓad da kuɗinsa, tsawo ba zai ƙaru yadda ya ke so ba.

Amma kuma su biyun tare su ke aiki, kamar shanun huɗa. Kowace shakazoba tana da iyakar miƙewarta. In aka sa dogon sifirin bisa gajeriyar shakazoba, kullum tana miƙe ƙarshe, taya ba ta da sauran wurin sauka cikin rami. Shi ne za ka riƙa jin ƙara "ƙwas" a kan kowane tudun rage gudu, taya kuma ta riƙa barin ƙasa. Tayar da ba ta taɓa ƙasa ba kuwa, birki ba ya kama ta, sitiyari ba ya juya ta.

HANYA UKU

Hanya ta farko ita ce musanya da kayan 'yar'uwar mota. Kamfani ɗaya ya kan ƙera motoci iri iri a kan gindi guda. Wagon ta kan zo da sifirin baya mai ƙarfi fiye da na salun ɗinta, mai injin dizal ko mai silinda shida kuma da sifirin gaba mai ƙarfi, don injinta ya fi nauyi. In aka ɗaura irin waɗannan a kan mara nauyin, sai ta tashi kaɗan, mazauninsu kuma ya zo daidai ba sai an yi walda ba. A ƙasashen waje masu Subaru Impreza sun daɗe suna ɗaura mata ƙafafun Forester, masu Golf 5 kuma suna sa sifirin Tiguan. Kamfanin Volkswagen da kansa yana da kayan ƙafa na musamman don mugunyar hanya, masu ƙara wa mota wajen santimita 2. Sifirin ɗinsa kuma suna zuwa da ɗigon fenti kala kala, alamar ƙarfin kowanne. In za ka saya a kasuwa, dubi ɗigon, ka tabbata na dama da na hagu iri ɗaya ne.

Hanya ta biyu ita ce mazagi, watau faifan roba mai tauri ko na alminiyam da a ke sawa a bisa kan ƙafa, tsakaninta da bodi. Wannan ba ya sake taushin mota, don sifirin nata yana nan. Amma sai kusoshin da za su riƙe shi su zama masu tsawo da ƙwari, goro ya kama zare sosai.

Hanya ta uku ita ce taya mai tsawo. Ga lissafi: tayar da aka rubuta wa 195/65 R15 tsayinta wajen milimita 634 ne, mai 195/70 R15 kuwa 654. Bambancin milimita 20 ne, amma rabi kaɗai za ka samu, watau santimita 1, don daga tsakiyar taya a ke ɗaga mota. Sa'an nan agogon gudu zai riƙa yi maka ƙarya, in ya nuna 100 kana kan 103. Masu bas da a-kori-kura su lura da wannan: motar da ke da gatari guda a baya, kome tsawon sifirin da aka sa mata, tulun nan na tsakiyar gatari yana nan inda ya ke. Taya kaɗai ke ɗaga shi.

Akwai kuma abubuwan da ba su cikin lissafi ko kaɗan: gasa sifirin a wuta a ja shi, ko cusa katako da yankan taya tsakanin zobbansa, ko yi wa ƙafa ƙari da walda. Ƙarfen sifirin da wuta aka horar da shi a masana'anta, in ya sake shan wuta horon ya tafi, ko dai ya kwanta cikin 'yan makonni ko ya karye kana cikin tafiya. Araha ba ta ado.

ABIN DA ZA KA BIYA

Duk abin da ka ƙara a ƙasa, akwai inda za a cire maka. Na ɗaya, nauyin mota ya hau sama, saboda haka a kwana za ta ƙara karkata, in ka kauce wa rami ko akuya ba zato za ta fi saurin kifewa. Balle a ce an ɗora kaya a bisa rufi.

Na biyu, a motoci masu ja da gaba, shaf ɗin da ke kai ƙarfin inji zuwa taya an yi shi ya zauna kusan a miƙe. In aka ɗaga mota sai ya karkace, gaɓoɓinsa su riƙa aiki a tanƙware, robar da ke rufe su ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga. Ƙarar "ƙas-ƙas" da ka ke ji in ka karya kwana, daga nan ta ke. Haka boljoyin da sandunan sitiyari su ke shan wahala.

Na uku, tsayuwar taya ta sake. In ba a kai mota aka yi mata saitin ƙafa ba, tayar da za ta yi shekara biyu sai ta ƙare cikin watanni. Na huɗu, tiyon birki da wayar da ke zuwa taya suna da iyakar tsawonsu, in ƙafa ta sauka ta ja su za su iya tsinkewa. Na biyar, in baya ya fi gaba tashi fitila ta koma haska gindin mota, in gaba ne ya fi sai ta kashe wa mai zuwa ido.

Don mai karatu ya ga nauyin aikin, a 1990 Volkswagen ta fito da Golf Country wadda aka ɗaga sama. Ba sifirin kaɗai ta sake ba, sai da ta sa wani gindin ƙarfe a ƙarƙashin bodi, ta sake ɗaruruwan sassa. Abin da kamfani ya yi da irin wannan ɗawainiya, ba za a yi shi da yamma guda a gindin bishiya ba. A ƙaramar mota, santimita 2 zuwa 4, watau kada ya wuce inci ɗaya da rabi, shi ne abin da a kan samu ba tare da an takura sauran kaya ba.

KAYA DA RUWA

Sauran abu biyu da ɗagawa ba ta magani. Na farko lodi. A jikin ƙofar direba ko cikin littafin mota akwai nauyin da aka yarda ta ɗauka, a yawancin ƙananan motoci kilo 400 zuwa 500 ne, har da mutanen ciki. Manya biyar sun kai kilo 350, ka ƙara buhun shinkafa biyu, ka cika. Sifirin mai ƙarfi zai ɓoye maka lodin, mota ta tsaya kamar ba kome, amma birki da taya da boris ɗin ƙafa su ne na da. Su ba su san an ɗaga ba.

Na biyu ruwa. Mazauna Ikko da Fatakwal sun san yadda titi kan koma kogi a watan Yuni da Yuli. Inci ɗaya da aka ƙara maka ba lasin shiga ambaliya ba ne. Inji ta hancinsa ya ke shaƙar iska, a motoci da yawa kuwa hancin yana can ƙasa bayan bamba. In ya shaƙi ruwa, ruwa ba ya matsuwa, sandunan cikin inji su lanƙwashe nan take.

SHAWARA

In ka auna ka ga lalle sai an ɗaga, to a sake kaya biyu biyu, dama da hagu tare, gaba da baya kuma su tashi daidai. A ɗaga mota a jak, a saki ƙafa ta sauka ƙarshe, a juya sitiyari dama da hagu, ka duba da idonka ko tiyon birki yana ja, ko taya tana gugar bodi. A sa farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji ya kare kaskon mai, don sau da yawa shi ya fi ɗagawar amfani. Kada ka bari yara su tsaya kusa sa'ad da a ke matse sifirin, in ya kuɓuce ya kan kashe mutum. Daga nan a yi saitin ƙafa da na fitila, ka riƙe tsofaffin kayanka ko za a koma musu.

Kuma kada a yi aikin ana gobe tafiya. Yi shi da saura mako biyu, ka zaga da ita cikin gari, ka hau babbar hanya ka ji yadda ta ke a kwana da birki, ka koma a ƙara ɗaure kusoshi. Tsakanin Ikko da Kano ya fi kilomita 1,000, ba wurin gwaji ba ne.

Maƙwabcin nan nawa ya sauke sifirin jif, ya sa na wagon ɗin motarsa, ya ɗaura faranti, buhunan kuma ya kan ba babbar mota ta kai masa. Bara ya je gida ya komo, ko sau ɗaya cikinta bai taɓa ƙasa ba. Allah ya kai mu gida lafiya, ya komo da mu lafiya, amin.