Kafin Hunturu Ya Cinye Maka Furannin Lambu

Duk wanda ya koma Ingila ko Kanada da zama, ya ƙawata ƙofar gidansa da furanni a watan Yuni, akwai wata safiya da ke jiransa a Oktoba ko Nuwamba. Zai tarar ganyen da ya bari kore shar jiya ya yi baƙi ƙirin, ya langaɓe kamar dafaffen alayyahu. Ruwan cikin ganyen ne ya daskare da dare, ƙanƙarar ta yayyaga shi daga ciki.

Da yawa daga furannin nan baƙi ne a can, kamar mai shukar. Daliya daga Meksiko ta fito, har ƙasar ta ɗauke ta a matsayin furen ƙasa a 1963. Jiraniyom ɗin da ake jerawa a tukwane bakin taga kuwa asalinta Afirka ta Kudu. Ba su gaji dusar ƙanƙara ba. Zogalen da wasunmu ke reno a bokiti ma layinsu ɗaya.

Ita daliya, mutuwar ganye ba mutuwarta ba ce. Ranta na ƙarƙashin ƙasa, cikin saiwa mai kama da dankalin Hausa. Da ganyen ya yi baƙi, sai a sare karan a bar kamar santimita 15, a haƙo saiwar a hankali, a kakkaɓe ƙasa. Nan ake yin kuskure: wanda ya saba da dankali zai ɓalle kowane ƙullutu daban, yana ganin ya samu iri. Ina! Idon daliya a wuya yake, inda saiwa ta haɗu da kara. Ƙullutun da ya rabu da wuyansa ba zai taɓa tofowa ba.

Karan daliya kamar bututu yake, yana riƙe ruwa, don haka a kife saiwar, ƙasa ta koma sama na ƴan kwanaki har ta tsane. Sannan a binne ta cikin busasshen yashi ko garin katako a kwali, a ajiye inda sanyi yake wajen digiri 5 a ma'aunin Salshiyos. A ganina, danshi da ɗumi sun fi sanyin kansa ɓarna a wannan mataki. Leda tana ruɓar da ita, kusa da na'urar ɗumama ɗaki kuma ta motse ko ta tofo ba lokaci ba. A riƙa leƙawa duk wata, a cire wadda ta yi funfuna kafin ta shafi sauran.

Jiraniyom ba ta da wahala: a rage mata rassa, a shigo da ita taga mai haske, a rage ba ta ruwa sosai.

Kada a kunna gawayi ko risho a rufaffen gareji don a ɗumama furanni. Iskar gubar da ke fita ba ta da wari, kuma tana kashe mutum yana barci.

Sai kuma yaudarar Afrilu, lokacin da rana ke fitowa mutum ya ɗauka an gama. Sanyin dare na iya dawowa. A yawancin Ingila da kudancin Ontariyo sai ƙarshen Mayu ake dasawa a waje, bayan an yi mako biyu ana fitar da tukwanen da rana, ana shigo da su da magariba.