Ɗaki naka, tsakar gida ta kowa: Tsarin zaman tsofaffi da ke neman kuɓuce wa karkarar Kano

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta ko zuwa Bichi, da wuya ya ga daji. Gona ce manne da gona, gida kusa da gida, tun daga Ungogo har Minjibir da Dawakin Tofa. A cikin waɗannan gidaje akwai wani tsohon tsari da ya daɗe yana riƙe da tsofaffi: kowa da ɗakinsa, amma zaure da rijiya da tsakar gida na kowa ne.

Yau wannan tsari yana raguwa, a daidai lokacin da wasu ƙasashe ke kashe kuɗi masu yawa don gina irinsa.

Yadda babban gida yake

Masana sun daɗe da sanin cewa karkarar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin yankunan noma mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya fara nazarin yankin tun shekarun 1960. Ya nuna yadda manoma ke noma ƙasa ɗaya kowace damina ba hutu, suna rayar da ita da taki.

Ita kuwa Polly Hill, a littafinta na 1977 kan karkarar Kano, ta bayyana manyan gidajen Dorayi, inda magidanta da dama, 'yan uwan juna, ke zaune a gida ɗaya. Birni ya riga ya haɗiye Dorayi, amma har yanzu ana samun irin waɗannan gidaje a ƙauyukan arewacin jihar.

Babban gida ya kasu sassa. Kowane magidanci da sashensa da rumbunsa. Tsohuwa tana da ɗakinta da ba mai shiga sai da sallama, da 'yan awakinta, da ƙaramar sana'a kamar daddawa ko ƙuli-ƙuli ko saƙar faifai. Daga nan take samun kuɗin goro da na gudummawar biki ba tare da ta roƙi kowa ba.

Dattijo kuma yana da turakarsa, ga zaure inda yake karɓar baƙi, ga dakalin ƙofar gida inda ake ciyayya bayan magariba.

Amfanin tsarin a bayyane yake. Idan hantsi ya yi tsohuwa ba ta fito ba, suruka ko jika zai leƙa ya tambaya, "Inna, lafiya dai?" Ana kula da ita, amma ba a karɓe mata ikon rayuwarta ba.

Abin da Turai ke ginawa

A ƙasar Denmak aka fara gina irin wannan zama da gangan a farkon shekarun 1970: kowane iyali da gidansa, amma da babban ɗakin girki da na cin abinci na haɗaka. Daga baya aka fara gina na tsofaffi zalla.

A Ingila, a ƙarshen 2016, wasu mata 'yan shekara 50 zuwa sama sun tare a rukunin gidajen New Ground da ke arewacin Landan. Gidaje 25 ne, kowace da ƙofarta da makullinta, sai lambu da ɗakin taro na kowa. Su ne ke tafiyar da wurin da kansu, kuma sun shafe shekaru fiye da 15 suna fafutuka kafin ginin ya tabbata.

Abin da suke gudu biyu ne: kaɗaici, da zaman gidan kula da tsofaffi inda wani ne ke yanke maka lokacin ci da na barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nan da 2030 mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kasance ɗan shekara 60 ko fiye, kuma a 2023 ta kafa kwamiti na musamman kan matsalar kaɗaici.

Me ke rusa tsarin a Kano?

Na farko shi ne ƙarancin ƙasa. A da, 'ya'ya maza kan yi noma ƙarƙashin gandun mahaifinsu, shi kuma ya ciyar da su, ya yi musu aure, kowa kuma yana da gayaunarsa. Gandu ne ke riƙe matasa kusa da iyaye. Amma duk rabon gado yana ƙara tsinka gona, har ta kai abin da ɗa zai samu ba zai ciyar da iyalinsa shekara ba.

Na biyu, tafiya neman kuɗi. Cin rani na 'yan watanni ya koma zama na shekaru a Legas ko Abuja ko Fatakwal. Kuɗi na zuwa ta waya, amma waya ba ta ɗebo ruwan alwala.

Na uku, salon gini. Wanda ya samu hali yakan sayi fili a bakin titi, ya yi ginin bulo ciki da falo, ya kewaye da katanga da ƙofar ƙarfe. Sau da yawa ba a ware wa iyaye wuri. Ko dai a bar su a tsohon gidan ƙasa da damina ke ci, ko a ɗauko su a ajiye a ɗakin baƙi, nesa da maƙwabta da masallacin da suka saba.

Matan da mazansu suka rasu sun fi shiga haɗari. Idan akwai 'ya'ya, tumuni ne rabon mata, wato kashi ɗaya cikin takwas, kuma kishiyoyi ne ke raba shi. Idan magada suka sayar da gida, tsohuwar da ba ta haihu ba tana iya rasa ɗakin da ta yi shekara 40 a ciki.

Ba a ce babban gida aljanna ba ne. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Rikicin suruka da uwar miji da na faccaloli sananne ne. Amma yawancinsa kan tukunya ɗaya da ɗaki ɗaya yake tasowa, shi ya sa raba sassa ke rage shi.

Abin da za a iya yi

Akwai gidan gajiyayyu a Shahuci cikin birnin Kano, amma kai iyaye irin wannan wuri abin gori ne a ƙasar Hausa. A matakin tarayya, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar kafa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa a 2018, ta fara aiki a 2021. Sai dai a ƙauye, iyali ne har yanzu ke ɗauke da nauyin.

Don haka gyaran daga gida zai fara. Mai shirin gini ya ware wa iyaye ɗaki mai ƙofar kansa da ke buɗewa tsakar gida. A yi banɗaki kusa, da wurin zama da abin dafawa, domin tsuguno na wahalar da mai ciwon gwiwa. A rage tsayin dokin ƙofa, a sa fitilar sola a hanyar banɗaki, tunda faɗuwa cikin duhu na iya kwantar da tsoho har ƙarshen rayuwarsa.

Magada kuma za su iya yin yarjejeniya a rubuce gaban mai unguwa da limami cewa tsohuwa za ta ci gaba da zama a ɗakinta muddin tana raye.

Yawancin waɗannan gyare-gyare ba su kai kuɗin ƙofar ƙarfe ɗaya ba. Abin da suke buƙata shi ne a tuna da su tun ranar da magini ya zo auna fili.