Maganin Yaro Bayan Fashewar Afendis

A kasuwannin Kazaure da Babura, da Roni da Gwiwa, ba a rasa mai tallar ƙwayoyin magani. Amma fa akwai cutar da ta fi ƙarfin farantinsa.

A gefen dama na mara akwai wani ɗan reshen hanji kamar yatsa, shi ake kira afendis. In ya kumbura aka yi jinkiri, sai ya fashe, ƙazanta ta watsu a ciki. Ƙananan yara sun fi saurin kaiwa ga haka, domin ba su iya faɗin inda ke ciwo, har a zaci taifot ne.

Wuƙar likita tana cire reshen, amma ba ta kashe ƙwayoyin cutar da suka bazu. Saboda haka ake yi wa yaro allura ta jijiya, galibi ceftriaxone da metronidazole, har zazzaɓi ya sauka, ya soma cin abinci. A 2010 likitocin yara na Kansas City a Amurka suka nuna cewa daga nan ana iya sallamarsa da maganin sha, ya cika kwana 7.

To, a nan uba kan yi kuskure. Ya ga ɗinki ya kame, sai ya ajiye sauran magani, alhali mugunya tana iya taruwa a ɓoye. Malamin da aka zo wa neman rubutu lalle ya tambaya ko an shanye maganin. In kuwa zazzaɓi ya dawo, ko amai, ko kumburin ciki, a koma babban asibitin Kazaure ko na Babura ran nan, ba sai an jira wayewar gari ba.