Kallon Faifan Blu-ray a Kwamfuta: Manhajojin da Ke Aiki da Abin Dubawa Kafin a Kashe Kuɗi

Sau da yawa mutum kan samu faifan Blu-ray na asali, ya jona na'urar karanta faifai a kwamfutarsa, ya zura shi, sai fim ya ƙi tashi. Kwamfutar za ta nuna akwai faifai, har a ga manyan fayiloli a ciki, amma babu hoto babu murya. Galibi laifin ba na kwamfutar ba ne. Faifan a kulle yake, kuma manhajar da ke riƙe da makullinsa ce kawai ke iya buɗe shi.

Me ya sa har yanzu ake neman faifan?

An fara sayar da Blu-ray a 2006, ya kuma yi gogayya da HD DVD na kamfanin Toshiba har zuwa 2008, lokacin da Toshiba ya janye. Faifan DVD na yau da kullum yana ɗaukar 4.7GB, shi kuwa Blu-ray yana ɗaukar 25GB, mai hawa biyu kuma 50GB. Na 4K, wanda ya fito a 2016, yana kaiwa 100GB.

Wannan fili shi ne sirrin kyawun hoton. Bidiyon da ke kan Blu-ray yana iya gudu har megabit 40 a daƙiƙa guda, alhali Netflix na neman megabit 5 ne kacal don nuna fim mai ƙarfin 1080p. A allon waya da wuya a lura da bambancin, amma a babban allo yana fitowa fili, musamman a wuraren duhu da wuraren gudu. Ga kuma batun data: kallon awa ɗaya a Netflix da hoto mai kyau yana iya cin 3GB, na 4K kuma 7GB. Faifai ba ruwansa da data ko ƙarfin sabis.

Makullai uku da ke kan hanya

Na farko shi ne AACS, tsarin da ke rikita bayanan faifan yadda ba za su karantu ba sai da lambobin sirri. Kamfanonin fim kan sabunta lambobin a sababbin faifai, shi ya sa tsohuwar manhaja ke buɗe tsohon fim ta kasa buɗe sabo. Wasu faifan suna da ƙarin kulle mai suna BD+.

Na biyu shi ne HDCP, wanda ke duba hanyar da hoto ke bi daga kwamfuta zuwa allo. Wayar HDMI tana ɗauke da shi, tsohuwar wayar VGA kuwa ba ta da shi, don haka manhaja mai lasisi na iya ƙin nuna fim ta cikinta.

Na uku shi ne shiyya. An raba duniya gida uku: Amurka da Japan suna shiyyar A, Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suna B, Indiya da Sin da Rasha kuma suna C. Ke nan faifan da aka saya a Landan ko Dubai shiyya ɗaya yake da Najeriya da Nijar, amma na Amurka ko na Mumbai sai an duba bayan kwalinsa. Faifai da yawa ba a kulle su da shiyya ba, kuma na 4K ba su da wannan rabon ko kaɗan.

Windows ba ta taɓa zuwa da manhajar buɗe Blu-ray ba. Ko manhajar Windows DVD Player da Microsoft ke sayarwa, DVD kaɗai take karantawa. Apple ma bai taɓa saka na'urar Blu-ray a kwamfutocin Mac ba.

Manhajojin kuɗi

PowerDVD na kamfanin CyberLink da ke Taiwan ita ce ta fi shahara a cikin masu lasisi. Ana zura faifai fim ya tashi, da jerin zaɓinsa na harshe da fassarar rubutu, kamar a na'urar falo. WinDVD ta kamfanin Corel ma haka take aiki. Matsalarsu ita ce da dala ake biya, suna kuma buƙatar intanet lokaci-lokaci don sabunta makullai. Kwafin sata da ake turawa a kasuwa ba ya samun wannan sabuntawa, kuma ta irinsa ne ƙwayoyin cuta ke shiga kwamfuta.

Manhajojin kyauta

VLC, wadda ƙungiyar VideoLAN ta Faransa ke yi, tana buɗe faifan Blu-ray marar kulle kai tsaye. Ga mai kulle kuwa sai an ƙara mata libaacs da wani fayil na makullai, waɗanda ba sa zuwa tare da ita. Idan makullin faifan ba ya cikin fayil ɗin, fim ba zai tashi ba. Kodi ma haka take. Akwai kuma Leawo Blu-ray Player, wadda ake saukewa kyauta, sai dai tana tallar sauran hajojin kamfaninta.

MakeMKV hanyarta daban. Tana kwashe fim ɗin daga faifai zuwa fayil na MKV ba tare da rage ingancinsa ba, kuma fim ɗaya kan ci tsakanin 20GB da 40GB. Daga nan HandBrake na iya matse shi zuwa 'yan gigabait, yadda zai shiga waya a kalla da VLC ko MX Player. HandBrake ita kaɗai ba ta buɗe faifai mai kulle.

A nan akwai batun doka. Dokar DMCA ta Amurka ta 1998 ta hana karya makullin kariya, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ita ma ta yi tanadi a kan haka. Kwashe fim don turawa mutane ko sayarwa satar fasaha ce, irin wadda masu shirya finafinan Kannywood suka daɗe suna kuka da ita.

Tarkon 4K

Wanda ke son faifan 4K a kwamfuta shi ya fi buƙatar taka tsantsan. Hanyar lasisi da aka yi amfani da ita a baya ta dogara ne da wata fasahar tsaro ta Intel mai suna SGX, wadda ke cikin furosesa na zubi na 7 zuwa na 10. Intel ya cire ta daga sababbin furosesansa na kwamfutocin gida, na AMD kuwa dama ba su da ita. Sakamakon haka, sababbin kwamfutoci masu tsada sun kasa yin abin da tsofaffi suka iya yi. Ga mai PlayStation 5 ko Xbox Series X mai ramin faifai, ya fi sauƙi ya kalli faifan 4K a can. PlayStation 3 da 4 suna karanta Blu-ray na 1080p.

Kafin a biya kuɗi

Yawancin laftof na yanzu ba su da ramin faifai, kuma tsofaffin da ke da shi galibi na DVD ne. A duba tambarin Blu-ray ko haruffan BD a jikin na'urar, domin hasken na'urar DVD ba ya karanta Blu-ray ko da wace manhaja aka saka. Na'urar waje da ake jonawa ta USB tana son isasshen wuta, don haka a jona ta a ramin USB 3.0.

A kuma lura da faifan kansa. Wanda aka rubuta wa Blu-ray a kwali amma yana ɗauke da finafinai goma ko ashirin, DVD ne da aka matse, kowace kwamfuta mai ramin faifai za ta buɗe shi, kuma hotonsa bai kai na asali ba.

Kasuwar faifai tana raguwa. Samsung ya daina fitar da sababbin na'urorin Blu-ray a Amurka a 2019, shagunan Best Buy sun daina sayar da faifan fim a 2024, Sony kuma ya daina ƙera faifan Blu-ray na naɗar bayanai a 2025. Mai faifai biyu ko uku ya fara gwada VLC ko Leawo, tunda ba su da kuɗi. Mai tarin faifai da ke son ya zura kawai ya kalla, manhaja mai lasisi ce ta dace da shi, amma ya fara sauke ta gwaji ya jarraba ta da faifansa da allonsa kafin ya biya.